Kalmomi Ashirin da Huɗu a Kan Ƙarfe

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe 4:10 na yamma

Na dawo daga Busan a motar ƙarfe biyu. Babu cunkoso a kan gada. A asibiti, likitan hawa na bakwai ya juyo mini da allon kwamfutarsa, yana nunawa da bakin alƙalami, ya yi ta bayani. Bai kai 'yata Da-som shekaru ba. Tambaya ɗaya na yi masa, ya ba ni amsa, na ce na gode.

Na tarar da matata Mal-suk a baranda tana juya barkonon da ta shanya. Ta ce, "Baban Da-som, me suka ce?" Na ce gyambon ciki ne, in rage yaji. Ta ce shekara talatin tana gaya mini haka, ba wanda ya taɓa biyan ta ko won ɗaya.

A tashar mota na sayi wannan littafin. Ban taɓa rubuta irin wannan ba. Akwai aikin da zan yi, ina so in riƙa ganin inda na tsaya.

Nauyi: kilo 64.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe 1:00 na rana

Na je gidan Gi-tae. Shekara talatin da ɗaya muna walda tare a tashar ƙera jiragen ruwa. Bara ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, ko sallama bai yi wa kowa ba. Tare muka sayi Bitkoyin, kuɗin nan na intanet, a 2016, shekarar da aka sallami ma'aikata da yawa har da mu. Muka yanko wani abu daga kuɗin sallamarmu muka zuba, mutane suna mana dariya. Muka sayi 'yar na'urar ajiya iri ɗaya, kamar letar kunna sigari. Daga baya dariyar ta tsaya.

Matarsa ta kawo mini shayin sha'ir, sannan ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin biskit. Na'urar tana ciki, an naɗe ta da hankici.

"Ga ta nan, Baban Da-som. Ina kallonta tana kallona."

Ɗansu ya gwada lambar sirri sau uku. Ranar haihuwar uban, ranar haihuwar uwar, lambar mota. A na uku na'urar ta goge kanta, haka aka ƙera ta. Na tambaye ta takardar kalmomin, guda ashirin da huɗu, wadda da ita ake dawo da komai ko na'urar ta faɗa teku.

Ta ce, "Wata takarda mai Turanci? Na gan ta a durowa bayan an yi kwana arba'in da tara da rasuwarsa. Na ɗauka aikin makarantar jikanmu ne." Ta rufe gwangwanin. "Motar shara ta tafi da ita tun watan Maris."

Ɗan yana duba waya kullum, yana ganin kuɗin suna nan inda uban ya bar su. Ba banki, ba ofishi, ba alƙalin da zai buɗe. Yanzu tana gyaran kifi a kasuwar Gohyeon, da ciwon gwiwa.

Tawa takardar tana cikin aljihun tsohuwar rigar walda a rumbun kaya. Ba wanda ya sani sai ni.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe 7:40 na safe

Na raka ɗana Du-ho bakin titi. Shekararsa talatin da uku. Takardar asibiti ta ce hankalinsa na ɗan shekara takwas ne, ni ban taɓa yarda da takardar ba gaba ɗaya. Yana naɗe kwalaye a wata cibiya a Okpo, ya fi kowa sauri. Ya haddace lokutan duk motocin bas na tsibirin nan. Ba ya iya lissafin canji, kuma duk wanda ya yi masa murmushi ya zama abokinsa.

Ya ce, "Baba, wandonka zai faɗi." Na ce zan ƙara wa bel huji.

Kuɗin Bitkoyin ɗin nasa ne. Gidan nan da fansho za su riƙe uwarsa. Amma Du-ho zai iya kaiwa tamanin.

Jumma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe 3:00 na yamma

Lauya. Mace ce, ofishinta a saman shagon gilashin ido. Na ce zan rubuta kalmomin a cikin wasiyya in huta. Ta ajiye biro.

"Ranka ya daɗe, wasiyya idanu da yawa ke karanta ta. Ni, sakatariyata, ma'aikatan kotu. Duk wanda ya ga kalmomin nan ya riga magada, kuma ba a dawo da su."

Ta ce a wasiyya in rubuta cewa abin yana nan, da na wane ne, da wanda zai kula da shi a madadin Du-ho. Masu haraji za su karɓi nasu, kada a ɓoye musu. Kalmomin kuwa in san yadda zan yi su isa hannun iyalina, ba ta wurinta ba.

Na ce, in na ba su yanzu, kamar na ajiye ƙofa a buɗe ne. In ban ba su ba, Gi-tae ke nan. Ta ce e, duk masu zuwa wurinta a nan suke tsayawa.

Da zan fita ta ce, "Akwai gaggawa ne?" Na ce a yi cikin wata guda.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe 6:30 na yamma

Miyar ciyawar teku. Cokali biyar. Na ce na ci a waje.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe 5:15 na yamma

Takarda tana ƙonewa, tana jiƙewa, ana zubar da ita. Na yanko farantin ƙarfe mara tsatsa, faɗin tafin hannu, na ɗauko ƙusoshin buga haruffa da na zo da su daga wurin aiki. Harafi huɗu na farkon kowace kalma sun isa, na'urar tana cika sauran. Harafi casa'in da shida ke nan. A da aikin awa ɗaya ne. Yau na yi kalma takwas na zauna a kan bokiti.

Du-ho yana son ƙarar guduma. Ya zauna a bakin ƙofa yana cin lemo har na gama kalma goma sha biyu.

Nauyi: 63.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe 5:00 na yamma

Na gama farantin, Du-ho yana bakin ƙofa kamar jiya. Layi na uku ya ɗan karkace. Da wani ne ya kawo mini irin wannan aikin da na mayar masa.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe 2:20 na rana

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Yau Mal-suk ta ɗauko Du-ho da wuri saboda likitan haƙori. Suka shigo wajen sha biyu da rabi, tana dariya.

"Wace waƙa ce ka koya wa ɗanka? Tun daga Okpo yake rera ta a bas. Har wani ɗalibi ya ce Turancinsa ya fi nasa."

Na ce, wace waƙa? Du-ho ya miƙe tsaye kamar a gaban aji ya fara. Daga ta farko har ta ashirin da huɗu, a jere, bai tsallake ko ɗaya ba, har da inda nake jan numfashi.

Laifina ne. Tun a wurin aiki nake karanta lamba a fili kafin in buga ta, ban ma san ina yi ba.

Na ce, sau nawa ya rera? Ta ce ita ta ƙirga ne? Sau huɗu, ko biyar. Mutum nawa ne a bas ɗin? Ta ce, "Yo a cike take mana. Lafiya fuskarka ta koma haka?"

Na shiga ɗaki na kulle. Kuɗin suna nan. Na fito da na'ura ta biyu da na saya a ajiye, ta ba ni sababbin kalmomi, na rubuta su bakina a rufe. Na fara tura kaɗan, na jira ya isa, sannan na tura sauran. Minti arba'in kafin ya tabbata. Na zauna ina kallon allon, tsoro ya cika ni. Ban ji haka ba a hawa na bakwai.

Na saka tsohon farantin a injin gurza har ya zama sumul.

Du-ho ya zo bakin rumbu ya ce, "Baba ya yi fushi." Na ce ban yi ba, waƙar ta yi daɗi, amma ta tsufa. Ya ce zai rera wa malamarsa ta cibiya gobe. Na ce ya rera wa duk wanda ya ga dama.

Jumma'a, 1 ga Nuwamba, ƙarfe 10:00 na safe

Kalmomin su kaɗai ba su isa ba. Wuri ɗaya, bugu ɗaya, an gama da mu.

Na'urar tana karɓar kalma ta ashirin da biyar, wadda mutum ke zaɓa da kansa. Mai ashirin da huɗu kaɗai zai buɗe ya ga ɗan abin da na bari a gaba. Babban yana bayan ta ashirin da biyar. Farantin ƙarfe a wurin Mal-suk, kalma ɗaya a wurin Da-som. Ko ɗaya ba ta iya buɗewa ita kaɗai, ɓarawo ma sai ya shiga gida biyu a gari biyu. Kwafin kalmar a ambulan mai hatimi a wurin lauya, ko da wani abu ya sami Da-som. Ba ta da amfani ga wanda ba shi da farantin.

Sai an sake bugawa daga farko. Lokacin da Du-ho yake wurin aiki, kuma na ɗaure bakina da tawul.

Talata, 5 ga Nuwamba, ƙarfe 4:00 na yamma

Kwana uku ya ɗauka. Nauyi: 61.

Asabar, 9 ga Nuwamba, ƙarfe 3:30 na yamma

Da-som ta zo daga Daejeon. Ta rufe kantin maganinta na kwana biyu, ta ce wa mijinta bikin wata ƙawa za ta. Na ja ta muka taka bakin ruwa, na yi mata bayanin komai: faranti, kalma, lauya, cewa ita ce za ta riƙe wa ƙanenta. Tana ji, ba ta katse ni ba. Da na gama ta sa hannu a aljihun kwat ɗina ta zaro ledar magungunan.

Ta karanta ta mayar.

"Baba, ni nake miƙa wa mutane wannan. Na san wa ake ba."

Na ce gyambon ciki ne.

"Tun yaushe?"

Na faɗa mata ranar. Ta juya tana kallon ƙugiyoyin ɗaga kaya na tashar jiragen. Sannan ta ce, Mama ta sani? Na ce a'a, kuma ba daga bakinta za ta ji ba. Ta ce wannan zalunci ne. Na ce a gama aikin tukuna.

Na raɗa mata kalmar a kunne, na sa ta maimaita sau uku, manyan haruffa da ƙanana. Ta ce, "Wannan ka zaɓa?" Na ce e. Ta fyace hanci ta ce ni tsohon banza ne.

Ba zan rubuta kalmar a nan ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, ƙarfe 5:45 na yamma

Gwaji na farko. A wurin aiki ba a sakin jirgi sai an gwada kowane layin walda.

Du-ho ya tafi wasan gangara ƙwallo a kada sanduna da 'yan cibiyarsu. Na goge tsohuwar na'urar ta koma kamar sabuwa. Na ajiye ta a teburin falo da farantin da takardar umarni shafi biyu. Na ce musu daga yanzu ba na nan. Ba tambaya, ba kallona.

Mal-suk ta ce, "Wane irin wasan banza ne wannan da rana tsaka?" Na ce kowa zai tafi wata rana, gara a shirya, dubi matar Gi-tae. Ta ce to ka tafi ɗin, amma ka ɗauke ƙafarka daga kan tebur.

Na zauna a kujerar tausa na naɗe hannu.

Ta sa gilashi. Ta cire ta goge. Ta ce haruffan sun yi ƙanana. Ta riƙe farantin a kife. Da-som ta gyara mata. A kalma ta huɗu ta danna baya maimakon gaba, komai ya share. Aka sake. A ta shida ta ce tana jin ƙaurin tukunya, ta tashi. Babu komai a kan wuta.

Minti ashirin da biyu na jure, sannan na ce, "Maɓallin dama, Maman Da-som, na dama!"

Da-som ta ce, "Baba, ka fa mutu."

Ba wanda ya yi dariya. Mal-suk ta ce za ta ɗora shinkafa.

Litinin, 11 ga Nuwamba, ƙarfe 9:00 na safe

Da-som ta tafi a motar farko. Na sake rubuta umarnin da manyan baƙaƙe, na zana kowane maɓalli. Shafi biyar.

A saman shafi na farko, da jan biro: Ba wanda zai bugo waya ya taimake ki. Duk wanda ya nemi kalmomin ɓarawo ne, ko ya ce daga kamfani yake, ko ɗan sanda, ko abokina. Kada a ɗauki hoton farantin. Kada a buga kalmomin a waya ko kwamfuta, a na'urar kaɗai. Ba gaggawa, kuɗin ba sa ruɓewa.

Laraba, 13 ga Nuwamba, ƙarfe 6:00 na yamma

Busan. Sun sa mini ruwa awa huɗu. Na ce wa Mal-suk taron tsofaffin ma'aikata ne. Ta ce in gaishe su, ta ba ni kunun shinkafa a fulas.

Jumma'a, 15 ga Nuwamba, ƙarfe 11:20 na safe

Na roƙi ɗan Gi-tae ya bugo wa Mal-suk daga wata lamba, ya ce shi ma'aikacin kamfanin na'urar ne, an gano matsala, ta karanto masa kalmomin. Ya ce ba ya so. Na ce don ubanka za ka yi.

Ina kicin ina ji. Ta saurare shi har ya gama, da "to" da "ash" da "ka ji wata masifa". Sannan ta ce, "Kai ba Sang-pil ba ne na gidan Gi-tae? Ni na yi maka wankan farko, ɗan nema. Ka ce wa uwarka in tana son kabeji na haɗa oda da ita." Ta kashe.

Ta leƙo kicin ta ce, "Ka ba shi kuɗin mota dai ko?"

Matar da ta gane murya cikin daƙiƙa goma ba ta gane dama da hagu ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, ƙarfe 4:30 na yamma

Gwaji na biyu, mu biyu. Ta kai kalma ta goma sha tara. Saura biyar. Sai ta zaɓi wata kalma daban da ke kusa da ita a jerin, ina kallon yatsanta. A ƙarshe na'urar ta ce ba daidai ba.

Na yi ihu. Na ce shekara goma sha takwas ta yi tana riƙe da shagon abinci, ta san abin da kowane lebura ya ci tun Litinin ba tare da ta rubuta ba, amma haruffa huɗu sun gagare ta. Na ce so take Du-ho ya ƙare a inda ake ɗaure mutane a gado? Na faɗi wasu abubuwan.

Ta naɗe farantin a tsumma, ta ce, "Ka gama? Mamaci dai ba ya ɗaga murya haka." Ta shiga ɗaki.

Litinin, 18 ga Nuwamba, ƙarfe 8:00 na safe

Ba ta yi mini magana ba. Kunun yana kan tebur a rufe.

Talata, 19 ga Nuwamba, ƙarfe 8:00 na safe

Haka dai.

Laraba, 20 ga Nuwamba, ƙarfe 2:00 na rana

Na sa hannu a wasiyya a gaban shaidu biyu. Na kai ambulan. Hawan matakalar ofishin sai da na tsaya sau biyu.

Na yi tunanin in ba Da-som komai, faranti da kalma, in cire uwarta daga ciki. Ya fi sauƙi. Amma Daejeon da nisa, kuma nauyin mutum ɗaya ne zai koma, ita da mijinta da abin da shekaru za su kawo. Ban zargi kowa ba. Ban dai taɓa rataya ƙarfe a ƙugiya ɗaya ba.

Na daina hawa sikeli.

Asabar, 23 ga Nuwamba, ƙarfe 5:00 na yamma

Ranar haɗa kimchi na hunturu, kabejin da ake jiƙawa da gishiri da barkono a adana. Kabeji sittin, kamar kowace shekara. Matar Gi-tae ta zo da maƙwabta biyu, sun baje a tsakar gida da jajayen safar hannu, ana zagin mazaje. Aikina ɗaukar bahon gishiri, bana Du-ho ya ɗauka. Aka sa ni ɓare tafarnuwa kamar tsohuwa.

Matar Gi-tae ta ce, "Baban Da-som ya rame fa." Mal-suk ta ce, "Gyambon ciki ne. Rowa ce ta taru masa a ciki." Suka kwashe da dariya.

Mal-suk ta ware guda goma ta yi fari, mara barkono. Ta rubuta sunana a murfin robar. Na ce goma sun yi yawa. Ta ce za su kai bazara, kuma zan cinye su.

An dafa naman alade. Na ci yanka ɗaya don a bar ni.

Talata, 26 ga Nuwamba, ƙarfe 12:00 na rana

Sun riƙe ni a asibiti. Kwana biyu, in ji su. Na bugo wa Mal-suk na ce gwajin ciki ne na kyamara. Ta ce to, tana da aiki dama.

Laraba, 27 ga Nuwamba, ƙarfe 3:00 na yamma

Mutumin gadon kusa da taga, da safe an tattara kayansa a leda biyu.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, ƙarfe 6:10 na yamma

Na iso gida ƙarfe ɗaya. Du-ho yana wurin aiki. Na ɗauko na'urar gwaji don in shirya ta saboda Lahadi. A goge na bar ta, na tabbata. Da na kunna sai ta nemi lambar sirri.

Na'urar da ke goge ba ta neman lamba. Wani ya cika ta.

Na sami Mal-suk a kicin tana yanka radish, farin tushen nan mai kama da karas. Na ajiye na'urar a kan katakon yanka. Ta goge hannu a jikin riga, ta ɗauka, ta danna lamba takwas ba tare da gilashi ba, ta miƙo mini. Ɗan abin da na bari a gaba yana nan a rubuce, daidai.

Na ce, yaushe?

"Shekaranjiya. Minti goma sha ɗaya. Na rufe labule, na kashe waya na sa a firji, yadda ka rubuta. Shafinka na uku ma akwai kuskure, ka zana maɓallin a juye."

Na ce, ranar Lahadin fa? Kalma ta sha tara?

"Ina sane."

Ta farkon fa?

Ta ci gaba da yanka. Sannan ta ce, "Shekara talatin da takwas nake ganinka. Kana gama aiki kake nannaɗe wayar walda ka share wurin ka tafi, ko shayi ba ka tsayawa sha. Na ce in na iya a gabanka, sai ka ce an gama."

Na jawo kujera na zauna.

Na ce, Da-som ce ta gaya miki? Ta ce ba ta buƙatar Da-som. Ranar da na dawo daga Busan ban yi ƙorafin kuɗin mota ba, kuma na ce barkonon ya yi kyau. Tun ranar take jira in buɗe baki.

Ta kira ni da cikakken sunana: "Ni ka mayar yarinya, Ok Jae-pil. Ka gaya wa lauya, ka gaya wa 'yarka, ka gaya wa wancan littafin da kake turawa ƙarƙashin kujera. Ni sai gyambon ciki."

Na ce ta karanta ne? Ta ce rubutuna ko kaza ba za ta iya ba.

Sai na faɗa mata sunan abin. Na faɗa mata tambayar da na yi wa likitan da amsar da ya ba ni. Ta ajiye wuƙar. Ta ce, daga Oktoba ake ƙirga watannin ko daga yau? Na ce daga Oktoba. Ta gyaɗa kai kamar an faɗa mata farashin kifi, sannan ta zauna a ƙasa a gaban firji ta rufe fuska da riga. Na sauko na zauna kusa da ita. Saukowar ta fi tashin sauƙi. Muna nan har Du-ho ya buga ƙararrawa, sai ita ce ta ɗaga ni.

Jumma'a, 29 ga Nuwamba, ƙarfe 9:30 na safe

Ta ce ranar Laraba tare za mu Busan, tana da tambayoyi ga yaron likitan nan. Na tausaya masa.

Du-ho za mu gaya masa tare, kaɗan kaɗan. Malamarsa ta ce za ta taimaka.

Lahadi, 1 ga Disamba, ƙarfe 4:40 na yamma

Gwaji na uku. Da-som ta zo. Na goge na'urar a gabansu na koma kujerata.

Mal-suk ta shigar da ashirin da huɗu, Da-som tana kallon bango. Sannan ta tashi ta ba ta wuri, ta juya baya, Da-som ta sa tata. Babban ya fito. Suka dube shi. Suka tura ɗan kaɗan zuwa asusun Da-som na kasuwar musayar Bitkoyin, ta sayar, ya shiga banki, don su ga hanyar har ƙarshenta. Sau ɗaya suka yi gardama a kan adireshi, suka karanta shi harafi harafi su biyu, suka daidaita. Ban buɗe baki ba. Ba su dube ni ba ko sau ɗaya.

Mal-suk ta goge na'urar da kanta, ta naɗe farantin, ta fita da shi. Ban tambayi inda ta kai ba. Ta ce gobe za ta nuna wa Da-som, ni ba ruwana.

Da-som ta ce da kuɗin gwajin za ta saya wa Du-ho rigar sanyi.

Na ce, to, shi ke nan.

Mal-suk ta dawo da wata takarda, bayan kalandar bara ce, ta ajiye mini a cinya. Ƙofar gida tana kuka. Famfon baranda yana ɗiga. Kantar kicin. Ƙarfen riƙewa a banɗaki. Koya wa Du-ho canza batirin ƙararrawar hayaƙi. Rufin rumbu kafin damina. Abu goma sha huɗu, ta sa musu lamba.

Na ce damina sai Yuni. Na ce ba zan gama wannan ba.

Ta ce, "Wa ya ce ka gama?"

Litinin, 2 ga Disamba, ƙarfe 10:15 na safe

Ƙofar gida. Ba mai take so ba, sandar sama ce ta lanƙwashe, sai an cire an yi walda. Du-ho zai riƙe mini ranar Asabar.